Jifan da Kyamara Ta Kama

Ranar da likita ya gaya wa Emil Kovach abin da ke cin hannunsa, bai ji komai a ransa ba. Ya saurara, ya gyaɗa kai inda ya kamata, ya karɓi takarda ya yi godiya. Ciwon jijiya ne, in ji likitan. Ya fara da yatsu biyu na hannun dama, ƙaramin da na kusa da shi, kuma ba nan zai tsaya ba. Zai hau hannun, ya tsallaka zuwa ɗayan, wata rana sai an ɗaura masa igiyar takalmi. Emil ya fito, ya ninke takardar gida huɗu, ya cusa ta a ɗan akwatin gaban a-kori-kurarsa, ƙarƙashin takardun mota. A hanya ya tsaya ya sayi madara, domin Lorna ta ce ya taho da ita.

Shekara bakwai matarsa Lorna ta yi tana jinyar mahaifinta a ɗakin ƙasa na gidansu. Ta ɗaga, ta kwantar, ta wanke, ta ba shi abinci a baki. Bara tsohon ya rasu, kuma sai a bana ta koma dariya da ƙarfi irin ta da. Har taswira ta sayo ta manna a jikin firji, tana zagaye wuraren da za su je idan ɗumi ya shigo. Emil ya buɗe firjin ya ajiye madara, ya rufe, ya tsaya yana kallon jajayen zagayen nan. Nan take ya yanke wa kansa hukunci cewa ba za ta sani ba. Har zuwa yaushe? Wannan kuma bai tsaya tambayar kansa ba.

A garinsu, can gefen kogin Monongahela, Lorna ce kaɗai ke kiransa Emil. Kowa Koci yake ce masa, don ya yi shekara talatin yana horar da 'yan ƙwallon makarantar sakandare, irin ƙwallon da ake jefawa da hannu, kafin ya ajiye aiki. Kafin nan kuwa kwatabak ne, mai jifan ƙungiya, wanda ake miƙa wa ƙwallo ya ja da baya yana neman wanda zai jefa wa, ƙartai kuma na rugowa su danne shi. Ba shi da gudu, ƙarfin hannunsa ma ba na a zo a gani ba ne. Saiti Allah Ya ba shi. Akwai wata tsohuwar taya rataye a reshen bishiya a bayan gidansa, kuma kullum da safe, kafin ya sha kofi, sai ya zura ƙwallo ta tsakiyarta sau goma daga yadi ashirin. Yana da shekara hamsin da takwas, bai fasa ba.

Bai kuma taɓa ɓata jifa da gangan ba. Lokacin da yake neman Lorna, sun je wani bikin kasuwar gunduma inda ake gasar jifa, ta raɗa masa ya bari ƙaninta ya ci ko sau ɗaya. Ya ce to, ya ɗauki ƙwallo, ya zura ta a tsakiya. Kwana uku ba ta yi masa magana ba.

Sirrin abin a ɗinkin ƙwallo yake. Ƙwallon nan mai tsini biyu tana da ɗinki mai tudu a gefe guda, kuma a kansa ƙaramin yatsa da na kusa da shi suke zama. Su ke gaya wa mutum ko ya riƙe daidai, ba sai ya duba ba. To waɗannan biyun ne suka mutu masa. Yakan ɗora su a kan ɗinkin ya ga sun zauna, amma da ido kawai yake sanin haka.

Sai ya kwance tayar ya kai ta gareji. Da Lorna ta tambaya, ya ce igiyar ce ta ruɓe.

"Igiyar da ka sa bara?"

"Kin san igiyar zamani."

Ta dube shi, ta ƙyale. Daga nan ya koyi zaman ɓoyo a cikin gidansa. Hannun dama ya tare a aljihu. Kofi ya koma hagu, ya ce ya karanta a jarida wai yana ƙara kaifin ƙwaƙwalwa. Rigunan maɓalli suka koma ƙasan akwati. Abin da ya ba shi mamaki, duk wannan ƙarya bai ji nauyinta ba. Yana yi ne kawai, kamar mai share ƙofar gida.

Cikin watan Afirilu Cleon Batts ya bugo waya. Cleon shi ne mai cafe masa ƙwallo tun suna makaranta, yanzu ga sanƙo ga tumbi, baki kuwa bai tsufa ba.

"Tsoho, ka mutu ne ko kana nan?"

"Ina nan. Sai na binne ka tukuna."

"To tashi, na samo maka aikin da ya dace da kai. Ka san Dana, 'yar ƙanwata, mai aikin haɗa wasan bidiyo? Suna neman wanda ya iya jifa ya ɓata. Na ce mata ai kuwa ina da gwani, shekara huɗu yana jefo mini ƙwallo a gwiwa."

"Kai dai ka ce hannunka ne kamar an shafa masa man shanu."

"Asabar da safe. Ka zo ka ɗauke ni, motata tana wurin bakanike."

Da ƙin zuwa ya yi niyya. Amma wata biyu ke nan bai jefa ƙwallo ba, domin tagar kicin tana kallon bayan gida, Lorna kuma tana kicin. Yana son ya san abin da ya rage masa a hannun, a wani wuri da ba ta nan. Ya ce zai zo.

Wurin wani tsohon ɗakin ajiyar ƙarfe ne a Pittsburgh, an shimfiɗa masa koriyar darduma an jera kyamarori a bango tun daga ƙasa har rufi. Aka ba su wasu baƙaƙen kaya masu matse jiki, an manne su da fararen ɗigo kamar ƙwayar magani, har a kan kowace gaɓa ta yatsu. Cleon ya fito daga ɗakin sa kaya tumbi a gaba, ya ce duk wanda ya ɗauke shi hoto sai ya kai shi kotu.

Dana yarinya ce mai saurin magana, tabarau a ka, kwamfuta a hammata. Ta zaunar da Emil ta yi masa bayani.

"Koci, ka ga, kowane kwatabak a wasanmu yana da lambar saiti, daga ɗaya zuwa casa'in da tara. Da farko masu wasa suka ce jifan ya cika kyau, wai ko kakarsu aka ba wa ƙwallo sai ta zura ta a hannun mutum daga yadi arba'in. Muka ce to. Muka sa na'ura ta riƙa karkatar da ƙwallo jefi-jefi. Sai zagi ya ƙaru. Suka ce mutum ya tsaya daidai, ya saki daidai, sannan ƙwallo ta yi gabas don ganin damarta? Kuma gaskiyarsu. A fili, tun kafin ƙwallo ta bar hannu kake ganin ta ɓaci."

"A ƙafa ake fara gani," in ji Emil.

"Yauwa! Shi ne muka kawo samari 'yan ƙwallo su yi mana kuskure mu ɗauka. Koci, abin dariya. Wanda ya iya jifa, idan ka ce ya ɓata, sai ya yi jifa mai kyau zuwa wurin da ba kowa. Jikinsa ya san ƙarya yake yi, kyamara ma ta sani. Mun gwada mutum shida. Kawu ya ce ka shekara talatin kana kallon yara suna ɓata jifa, ka san kowane iri."

"Fuskata za ta fito?"

"A'a, motsin kawai muke ɗauka. Za mu ɗora masa jikin saurayi."

"Ni ma a ɗora mini," in ji Cleon.

Ta ce su fara da jifa ashirin masu kyau don jiki ya saki, kyamarori su daidaita, sannan a shiga aikin kuskure. Cleon ya taka yadi goma sha biyar ya juyo ya buɗe hannuwa. Emil ya ɗauki ƙwallo, ya sunkuyar da kai ya ga yatsunsa sun zauna a kan ɗinki. Ya gyara ƙafa, ya auna ƙirjin Cleon, ya jefa da iyakar gaskiyarsa.

Ƙwallon ta fita tana rawa kamar kazar da aka jefa, ta faɗi taku uku kafin ƙafar Cleon.

Ya karkaɗa hannun, ya buga yatsun nan biyu a cinyarsa sau biyu, ko za su farka. Ya ɗauki wata. Wannan ta wuce saman kan Cleon ta daki bango. Ta uku ta zame tun hannu bai gama zuwa gaba ba.

"Tsaya, tsaya!" Dana ta taso daga bayan kwamfuta, baki har kunne. "Koci, ai sai ka ce mana ka fara! Kai, ku zo ku gani. Dubi yadda yatsun suka saki ƙwallon kafin lokaci, kafaɗa kuma tana ƙoƙarin gyarawa. Wallahi kamar da gaske yake son ta shiga!"

Ma'aikata uku suka taru a kan allon suna ta kai, kai. Wani ya tafa.

Nan ne wurin da ya kamata mutum ya buɗe baki. Emil ya tsaya cikin baƙaƙen kayan nan masu ɗigo, yana jiran kunya ta zo, ko fushi, ko wani abu dai. Ba abin da ya zo. Ya ji ƙarar fanka a rufi, ya ji ƙishirwa kaɗan.

"In ci gaba?" ya ce.

"Ci gaba! Kuma wannan bugun cinyar da kake yi bayan jifa, kada ka daina. Takaicin kwatabak ke nan sak."

Ya jefa sama da ɗari biyu ran nan. Suka sa shi jifa yana gudu, jifa yana ja da baya, jifa wani ƙato na tunkaro shi da katifa. Kowanne ya auna ƙirjin Cleon, kowanne ya yi niyyar ya shiga. Wajen na ɗari da hamsin, ko ta yaya aka yi, ɗaya ta fita sumul tana juyawa a kan tsininta, ta shige hannun Cleon da wannan ƙarar da Emil ya sani tun yana ɗan shekara sha biyar. Cleon ya riƙe ta ya yi murmushi.

"Wannan ba ma so," in ji Dana, ko kai ba ta ɗaga ba. "A goge. Sake, Koci."

A hanyar komawa Cleon ya yi ta tsiya. Ashe ɗan wasan kwaikwayo suke zaune da shi shekara arba'in ba su sani ba, ashe da Hollywood ya nufa da yanzu yana da gida mai wurin ninƙaya. Can idonsa ya sauka a kan sitiyari, inda hannun hagu kaɗai ke riƙe, na dama yana kwance a cinya. Sai ya miƙa hannu ya kunna rediyo. Har ƙofar gidansa labarin yanayi suka saurara.

Da ɗumi ya shigo suka yi tafiyar Lorna. Suka ga duwatsu, suka ga teku, suka ci kifi a wani gari da ta zagaye da jan biro sau biyu. Ta yi dariya, ta yi ƙiba kaɗan, rana ta ƙona mata hanci. Emil ya tsaya inda ta ce ya tsaya aka ɗauki hoto. Duk abin da aka nuna masa ya kalla, ya ce yana da kyau, kuma ya san yana da kyau ɗin, sai dai kamar ta bayan gilashi yake gani. Kafin su dawo yatsa na uku ya fara tafiya, da gefen tafin hannu.

Wasan ya fito a watan Agusta. Bai saya ba, bai tambaya ba.

Ranar bikin Godiya, wanda ake yi kusa da ƙarshen shekara, Cleon ya zo cin abinci kamar yadda ya saba tun rasuwar matarsa, ya taho da Dana. Lorna ta gasa talotalo, ta kirɓa dankali, ta yi firogi irin na mahaifiyar Emil, 'yan ƙullin fulawa masu cikin cuku. Emil ya miƙa wa Cleon wuƙa ya ce bana baƙo ne zai yanka naman, sabuwar doka ce. Aka ci aka ƙoshi. Rana na shigowa ta tagar falo, Dana ta fita mota ta dawo rungume da na'urar wasa.

"Anti Lorna, ba ki ga mijinki a talabijin ba ko? Yau za ki gani."

Ta jona wayoyi. Cleon ya baje a kujerar gefe yana kwance bel. Emil ya zauna a doguwar kujera, Lorna ta zo ta zauna a damansa da tawul ɗin kicin a kafaɗa. Zaman ya sa aljihu ya matse, sai ya fitar da hannun ya ajiye a kan kujera tsakaninsu.

Fili ya bayyana, kore shar, jama'a na ihu. Dana ta zaɓi wani kwatabak mai lambar saiti hamsin da biyu, saurayi dogo mai faɗin ƙirji. Aka miƙo masa ƙwallo, ya ja da baya taku biyar, ya ɗan sunkuyar da kai ya dubi hannunsa, ya jefa. Ƙwallon ta fita tana rawa ta faɗi a ƙasa. Saurayin ya karkaɗa hannu, ya buga cinya sau biyu.

Emil bai taɓa ganin kansa daga waje haka ba. Jikin ba nasa ba ne, fuskar ba tasa ba ce, amma duk wani abu da ya yi wata tara yana ɓoyewa a aljihu ga shi nan a bangon falonsa, a allo mai inci hamsin da biyar.

"Ba ku ga abin da mutane ke rubutawa ba," in ji Dana, tana jan waya da ɗan yatsa. "Ji wannan: karon farko da na ɓata jifa a wasa na ji tausayin mutumin maimakon in zagi kamfani. Ga wani: ko wa ya yi wannan motsin, a ƙara masa albashi. Koci, yau a gidaje miliyan nawa kake ɓata jifa!"

"Sake nuna mini," in ji Lorna. "A hankali."

Dana ta maido da shi, ta matso da hoton kusa da hannun. A hankali aka ga ƙaramin yatsa ya zame daga ɗinki, na kusa da shi ya bi shi, tun ƙwallo tana bayan kunne.

"Me ya sa yake duban hannunsa kafin ya jefa?"

"Shi ya ƙirƙiro! Ba wanda ya gaya masa. Da bugun cinyar ma."

"Guda nawa ya jefa muku?"

"Ɗari biyu da wani abu."

"Nawa suka shiga?"

"Ɗaya, ina ji. Ita ma kuskure ce." Dana ta yi dariya. Ita kaɗai ta yi.

"Mutumin nan," in ji Lorna, muryarta ba ta tashi ba, "ko don ya aure ni bai iya ɓata jifa ɗaya ba."

Emil bai ɗauke ido daga talabijin ba. "Tsufa ne, Lorna," ya ce. "Mutum yakan koyi sabon abu. Ga Cleon ma ya koyi cin firogi goma sha biyu a zama ɗaya."

Ya jira Cleon ya rama. Da Emil ya juya, sai ya ga ba shi yake kallo ba, kujera yake kallo, tsakaninsa da Lorna. Dana ma ta ajiye abin dannawa, ta rufe baki da hannu. Emil ya bi idonsu ya sunkuya.

Hannun Lorna yana kan nasa. Ta dasa farcen babban yatsanta a kan ƙaramin yatsansa, ta danna har wurin ya yi fari, har wani ɗan jini ya tsattsafo a gefen farcen.

"Tun da ta sake nuna shi nake dannawa," in ji ta. "Tun yaushe, Emil?"

Ya nemi wata ƙaryar, ya tarar sun ƙare.

"Fabrairu. Takardar tana mota."

Cleon ya miƙe ya ce bari su duba ko an kashe murhu, ya ja Dana suka shige kicin. Wasan ya ci gaba da maimaita kansa, ba mai dannawa.

Lorna ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Ta ciro tawul daga kafaɗa ta goge jinin. Sannan ta ɗora yatsa a gefen tafin hannunsa, kamar yadda ya sha ganin tana yi wa mahaifinta a ɗakin ƙasa.

"Nan fa?"

"A'a."

Ta matsa sama kaɗan. "Nan?"

"A'a."

Ta kai wuyan hannu, inda agogo ke zama. Sai ya ji ɗumi. Ya ji kaushin yatsanta na mai wanke-wanke. Kuma tare da ɗumin, tsoron da ya ƙi zuwa tun ofishin likita ya iso gaba ɗaya, da baƙin cikin abin da ya jawo mata.

"Nan ina ji," ya ce da ƙyar.

Ta zagaye wurin da hannu biyu ta riƙe. A talabijin saurayin ya sake ja da baya, ya sake duban hannunsa, ya jefa.